Gargaɗi Ga Ɗan'uwa Mai Neman Ɗakin Haya A Kano



Babu ranar Allah da za ta fito ta faɗi ba a sauke baƙi a tashar Unguwa Uku da ta Ƙofar Ruwa da ta Yankaba ba. Wani daga Gumel, wani daga Daura, wani daga Rano, wani ma daga Damagaram, kowa da ƙunshin kayansa da abin da ya kawo shi. Wannan an yi masa alkawarin tsaron shago a Kwari, wancan zai yi dako a Dawanau, wancan kuwa kamfani ya ɗauke shi a Sharaɗa. Sun sami abin yi, alhamdu lillahi, saura wurin kwana. To, a nan ne fa ake yi wa talaka yankan farko, tun bai karɓi ladan wata guda ba.

Maganata yau guda ɗaya ce, ku riƙe ta, ku kuma kai ta ƙauye ga masu shirin tahowa. Kada baƙo ya kama ɗaki don ya ji haya da araha. Ya kama inda zai iya takawa da ƙafarsa ya isa wurin neman abincinsa, ko da hayar ta ɗara, gama Hausawa sun ce araha ba ta ado.

LISSAFIN DA DILLALI BA YA YI MAKA

Ga yadda abin yake faruwa. Dillali ya kama hannunka ya nuna maka ɗaki biyu. Ɗaya a Fagge, inda za ka isa Kwari ko Singa kafin shayinka ya huce, ɗaya kuwa can bayan gari, inda sai ka hau adaidaita sahu biyu. A ce na Fagge naira 250,000 a shekara, na bayan gari naira 100,000. Misali na kawo, kowa ya sa kuɗin da aka faɗa masa a gurbinsu. Kai da ka fito daga ƙauye da ɗan guzirin da ka sayar da akuya ka haɗa, lalle na 100,000 za ka zaɓa, har kana murna ka tsirar da 150,000.

To, zauna mu ƙirga. A ce kuɗin mota naira 600 zuwa, 600 dawowa, watau 1,200 a rana. Kwana 26 na aiki a wata ya kama 31,200, a shekara kuwa 374,400. Haɗa da hayarka, ka ga ɗakin arahar nan ya tashi a kan naira 474,400, ya kusa ninka na Fagge. An sai da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba. Albashi mafi ƙanƙanta da Gwamnatin Tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, ka ga mota kaɗai ta kusa raba shi biyu, alhali kuwa yaron shago da ɗan tebur ba su ma san ana wani albashi mai wannan suna ba.

Sa'an nan haya sau ɗaya take tashi a shekara, kuɗin mota kuwa ba ya ba da notis. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya yi shelar janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wa ya fi jin wannan bulala in ba mai nisan gida ba? Ku tuna kuma a Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, a Janairun 2022 kuma 'yan adaidaita sahu suka yi yajin aiki, muka ga tsofaffi da masu goyo suna ta sayyada a bakin titi. Wanda ɗakinsa ke bayan kasuwa, ran nan ma ya buɗe rumfarsa a kan lokaci.

Kasuwa kuma ba ta jiran mai nisan gida. Motocin kayan miya da sassafe ake sauke su a Yankaba, haka na lemo da kankana a 'Yan Lemo. Ɗan dakon da ya iso hantsi, sai ya tarar an gama rabo. Don haka mai aiki a Dawanau ya fara dubawa ta hanyar Katsina, watau Bachirawa da Rijiyar Lemo da Kurna. Mai aiki a Bompai ko Yankaba ya duba Dakata da Kawaji da Gama da Birget. Na Sharaɗa ya duba Sharaɗa ɗin da Ja'en, na Chalawa ya duba Panshekara da Kumbotso, na 'Yan Lemo ya duba Na'ibawa da Unguwa Uku, na kasuwar goro ta Mariri ya duba Hotoro. Kada ka yarda ka ratsa Kano daga wannan gefe zuwa wancan sau biyu kowace rana, alhali akwai ɗaki a gefen da abincinka yake.

ABIN DA ZA KA DUBA DA IDONKA

Bayan nisa sai ruwa. A unguwanni da yawa na bayan gari famfo ado ne kawai, inda ma aka kai shi, jama'a da ruwan 'yan garuwa suke rayuwa. Kada ka tambayi mai gida labarin ruwa, zai ce maka kullum ana kawowa. Tsayar da mai kura a bakin lungu ka tambaye shi nawa jarka da damina, nawa da bazara, ka ƙirga jarka nawa iyalinka za su sha a rana, ka zuba wannan ma cikin lissafin haya.

Sai damina. Baƙi da yawa da rani suke zuwa, lokacin da kowane lungu yake a bushe, kowane gida yake da kyan gani. Ka dubi gindin bango, in ruwa ya taɓa kwana a gidan za ka ga shaidarsa kamar an ja layi. Ka dubi ko akwai kududdufi a baya, ko gidan yana bakin kwarin Jakara, ko ruwan majemun kamfani yana bi ta kusa, gama warinsa da cutarsa ba su cikin abin da dillali yake faɗa. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya masu ɗimbin yawa. In kasuwar da attajirai suke ciki ba ta tsira ba, ina ga lungun talaka?

Ka lura kuma da unguwannin awon igiya, inda masu gona suka yanka filaye suka sayar ba tare da an bar hanya ko lambatu ba. Ɗakinsu yakan yi sauƙi, amma ka tambayi kanka, in naƙuda ta kama matarka da tsakar dare, mota za ta iya shigowa ƙofar gidan? Makarantar firamare tana ina? Makewayi nawa ne a gidan, mutum nawa ke bin layinsa da asuba? Shawarata ita ce kada ka ɗauko iyali sai ka ga damina guda ta wuce a kanka a ɗakin.

Sai maƙwabta. Larabawa sun ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida, kakanninmu fatake kuwa da suka riƙa sauka a Fagge ba su kwance kaya sai a gidan fatoma wanda ya san gari ya san kasuwa. Kai ma ka sauka wurin ɗan garinku wata ɗaya ko biyu, ka koyi hanya, ka san farashi, tukuna ka fitar da kuɗin shekara. Amma fa kada ka dawwama a shagon da mutum goma ke kwana babu taga, a nan tarin fuka da sanƙarau suke samun abokin zama. Kada kuma wani ya hure maka kunne da cewa kada ka zauna kusa da wata ƙabila. Bayarabe mai gyaran mota da Inyamiri mai sayar da kayan gyara, in haya ta tashi tare take tashi a kanku, in lambatu ya toshe tare kuke shan sauro.

Na ƙarshe takarda. Kada ka miƙa ko sisi sai ka ga mai gidan da idonka, ka kuma je ka gai da mai unguwa ya tabbatar maka gidan nasa ne, don akwai dillalan da ke ba mutum biyu ɗaki ɗaya su ɓace. A yanke la'ada tun kafin a biya. A rubuta rasit da ranar shiga da ranar ƙarewa, da wanda zai gyara rufi in ya yi yoyo, da yadda ake raba kuɗin wuta, shaidu biyu su sa hannu. Ku sani kuma a galibin dokokin ƙasar nan mai hayar shekara yana da haƙƙin notis na wata shida kafin a tashe shi, in ba wani abu dabam aka rubuta a yarjejeniya ba, mai gida kuwa ba shi da ikon watsar da kayanka waje ko ya cire ƙofa sai da umarnin kotu. Mai rasit shi ke iya tsayawa gaban alƙali.

WA YA TURA TALAKA BAYAN GARI?

Na san wani zai ce, Malam, ai ba don muna son nisa muke tafiya bayan gari ba, kuɗin shekara guda dunƙule ne ba mu da shi. Gaskiya ne, kuma a nan laifi ya bar kan baƙo ya koma kan masu mulki.

Tun zamanin Turawa ba a taɓa auna garin nan da talaka a zuci ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka keɓe Sabon Gari don baƙin kudu, Turawa suka zauna a Nasarawa cikin itatuwa, dokar Lugga ta 1917 kuma ta ce a bar fili na yadi 440 tsakanin gidan Bature da na baƙar fata. Bature ya tafi a 1960, namu suka shiga gidajensa, suka gaji tsarinsa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna amana don jama'a duka. To, ku da kuke kasuwa, mutum nawa kuka sani cikin 'yan dako da ya taɓa samun fuloti daga wannan amana?

Tsakanin 2011 da 2015 an gina rukunin gidaje na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, gidaje masu kyan gani, amma wane mai tura kura ne ya iya sayen ko zaure a ciki? A 2016 aka yi ta shelar jirgin ƙasa na cikin gari, aka shekara takwas ba a ga tarago ko ɗaya ba. Gwamnati ta zo ta tafi, wata ta zo, hular ce kawai take sakewa, mai haya yana nan inda yake.

Wanda yake son ya ga ƙarshen wannan hanya, ya dubi Abuja. Tsakanin 2003 da 2007 aka rushe unguwannin talakawa da dama a can, a 2006 aka hana acaɓa shiga tsakiyar birni. Masu share ofisoshi da masu gadi da masinjoji suka watsu zuwa Nyanya da Mararaba da Masaka da Suleja, wasu a Jihar Nasarawa, wasu a Jihar Neja, suna barin gida kafin asuba su dawo bayan isha'i, 'ya'yansu ba su ganinsu sai ran hutu. Birni yana son guminsu da rana, ba ya son ganin tabarmarsu da dare. In muka yi shiru, haka Kano ma za ta koma.

ABIN DA MUKE NEMA

Muna neman a yi doka mai haƙora wadda za ta ba mai ƙaramin ƙarfi damar biyan haya wata-wata, tun da shi ma wata-wata ko kullum-kullum ake biyansa. Muna neman a yi wa dillalai rajista, a ƙayyade la'ada. Muna neman a auna filaye ƙanana kusa da kasuwanni da masana'antu, da hanya da lambatu da famfo, a ba leburori su biya sannu a hankali. Muna neman manyan motocin haya na gwamnati a hanyar Katsina da ta Zariya da ta Haɗeja da ta Maiduguri da ta Gwarzo, masu tashi a kan lokaci da kuɗin da talaka zai iya.

Babu ɗaya cikin waɗannan da za a ba mu kyauta. Tun ran 8 ga Agusta 1950 da aka kafa NEPU a garin nan, su Malam Aminu Kano suka koya mana cewa talaka ba ya samun sawaba sai ya haɗa kai da ɗan'uwansa. Don haka ƙungiyoyin kasuwa su buɗe asusun adashe don hayar sababbin yaransu, kada rashin kuɗi dunƙule ya jefa yaro bayan gari. 'Yan hayar kowace unguwa su san juna, su naɗa shugaba, in za a yi wa ɗaya ƙarin zalunci su je gaba ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kai kuma baƙo, da zarar ka zauna, ka je ofishin hukumar zaɓe ka mayar da katinka mazaɓar da kake kwana. Kansila da ɗan majalisa ba su gyara lambatun wanda ƙuri'arsa take ƙauye. Ka zo ofishin jam'iyya na unguwarku ka gabatar da kanka, 'yan'uwanka suna nan, sun riga ka shan wannan rana, za su raka ka wurin mai unguwa, su tsaya maka shaida ran biyan haya.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a rumfa da tasha da majalisar dare. Allah Ya ba baƙo masauki na gari, Ya ba talaka sawaba, amin. Sai mako mai zuwa.