Masu yi wa salular mutane "rut", ku faɗi gaskiya kafin ku karɓi kuɗɗi



Yau da wasu masu gyaran salula muke. Akwai masu amana cikinsu, mun sani, kuma muna gaishe su. Waɗanda muke nufi su ne masu zuga samari su kawo salula a yi mata "rut", da alkawarin mega kyauta da reso mai ƙarfi, su karɓi ƴan jikkuna, amma ba su taɓa faɗa wa mai ita abin da zai rasa ba.

Shin mene ne rut ɗin ma? An gina Android bisa tsarin Linux, inda kowace manhaja ke da ɗakinta, wata ba ta leƙa na wata. Akwai babban makulli guda da ke buɗe duka ɗakunan, wanda kamfani ya ɓoye. Rut shi ne ƙwato wannan makulli. A yawancin salulolin yanzu, sai an fara ɓalle makullin da ke tada salula, wanda masu gyara ke ce wa butloda, kuma ɓalle shi na share komai: hotuna, lambobi, saƙonni.

Amfani akwai shi, ba mu musu. Mai rut na iya cire manhajojin da kamfani ya cusa masa, ya toshe talla. Wanda ya buɗe butloda na iya raya tsohuwar salular da kamfani ya daina sabuntawa, ya sa mata tsari irin LineageOS. Kuma salularka ce, da guminka ka saye ta. Sai dai amfanin ya ragu sosai. Tun Android 6 na 2015 kana iya hana manhaja taɓa kamara ko lambobinka. Android 11 na 2020 ya zo da ɗaukar bidiyon allo. Manhajojin kamfani da yawa ana kashe su daga paramet ba tare da an fasa komai ba.

Batun mega kyauta kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Lissafin meganka yana can cikin injunan Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom, babu abin da za ka taɓa cikin salularka ya sauya shi. Rut ba ya ƙara ƙarfin reso, ba ya mai da RAM giga 2 ta koma 4. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

To, me ake asara? Salular yau ita ce lalitar gida. Cikinta Airtel Money da Zamani Cash suke, cikinta MyNita da AmanaTa suke, ta nan kuɗɗin da ɗan ci-rani ya aiko daga Libiya ko Abijan ke shigowa. Duk manhajar da ka ba izinin rut tana iya karanta saƙon da ke ɗauke da lambar sirri, ta leƙa abin da ke cikin sauran manhajoji. Dannawa guda kan "yarda" ta isa. Shi ya sa Google ya yi tsarin Play Integrity, wanda manhajojin banki da yawa ke amfani da shi su ƙi buɗewa a salular da aka fasa.

Bayan haka, sabuntawar tsaro da kamfani ke aikowa sau da yawa ta daina shiga. Kamfanoni da dama na janye garanti. A Samsung akwai alamar Knox: da an sa wa salular tsarin da ba na kamfani ba ta ƙone, ba ta komawa har abada, Secure Folder ya tafi ke nan. A salulolin da ke da injin MediaTek, irin Tecno da Infinix da yawa da ke hannunmu, filashin da aka yi ba daidai ba na iya goge lambar IMEI, a wayi gari salula na kunne amma ba ta kama reso. Garin neman gira an rasa ido.

Mafi muni su ne manhajojin "danna sau ɗaya" irin KingRoot. Da ramukan tsoffin Android suke aiki, ba su da tasiri kan salular yau, kuma ba a buɗe rubutunsu ba balle masana su duba me suke yi, saɓanin Magisk da kowa ke iya bincika. Kofen da ake tura muku ta Xender ko WhatsApp, wa ya san hannun da ya taɓa shi?

Don haka ga kiranmu. Malam mai gyara, kafin ka sa kabul, ka faɗa wa mutum a fili: kayanka za su goge, garanti na iya faɗuwa, manhajar kuɗɗi na iya ƙin buɗewa. In ya yarda bayan ya ji, ruwansa. In ka ɓoye masa, ka ci amana. Mai sayar da okaziyo a Katako ko kasuwar Dole, in an taɓa fasa salular, ka faɗa wa mai saye.

Ku kuma masu saye, ku kashe salular ku kunna a gaban mai ita. In gargaɗi ya fito cewa butloda a buɗe yake, ko kun ga Magisk ko SuperSU ciki, ku yi tambaya. Ku danna *#06# ku gwada IMEI da ta jikin kwali.

Samarinmu masu son koyon fasaha, ba mu hana ku ba, ƙasar na bukatar ku. Ku nemi tsohuwar salula wadda babu layi, babu kuɗɗi cikinta, ku fasa ta yadda kuka ga dama. Amma wadda Inna ke karɓar kuɗɗin cefane da ita, ku bar mata makullinta.

Ku tura wa ƴan uwa, ku faɗa mana abin da kuka gani a garuruwanku. Allah shi tsare mana dukiyarmu.