Tsohuwar Kyamarar Baba Ta Dawo: Abin Da Ya Kamata Uwa Ta Sani Kafin A Kunna Filashi



Wani yayi ya shigo tsakanin matasa, kuma ya fara isowa gidajenmu: ɗaukar hoto da kyamarar fim irin ta da. Yaran da aka haifa bayan waya ta cinye sana'ar masu hoto su ne yanzu suke buɗe akwatunan iyaye da kakanni, suna neman Yashica ko Canon ɗin da aka ɗauki hotunan biki da suna da ita. Abin bai tsaya a nan ƙasar ba. Kamfanin Kodak ya daina yin fim ɗinsa na Kodachrome a 2009, a 2012 kuma ya shiga kotu neman kariya daga masu binsa bashi, har mutane suka ce an gama jana'izar fim. Sai ga shi a 2024 an fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17, domin masu saye sun dawo.

Idan ɗanki ko 'yarki ta zo da wannan buƙata, ni dai ba zan ce ki hana ba. Fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, kowanne da kuɗinsa, don haka dole yaro ya tsaya ya yi tunani kafin ya danna. Ga kuma batun ajiya. Mu nawa ne muke da hoton auren iyayenmu a albam, amma hotunan sunan ɗanmu na fari sun tafi da wayar da ta faɗa ruwa ko aka sace a kasuwa? Sai dai akwai abubuwan da ya kamata ki sani, wasu don kada a yi asarar kuɗi, wasu kuma sun shafi lafiyar ƙananan yaran da ke gidan.

Kafin a sayi ko fim ɗaya, a fara nemo wanda zai wanke shi. Yawancin situdiyoyin da muka sani sun koma buga hoto daga waya da kwamfuta, injinan wanke fim sun yi ƙaranci ƙwarai. Yaro ya tambayi tsofaffin masu hoto na garinku, su ne suka san inda ake kai wa yanzu, su ne kuma za su duba masa kyamarar. A buɗe bayanta tun babu fim a ciki, a duba soson da ke gefen murfin. Idan ya narke ya zama kamar kwalta, haske zai riƙa shiga yana ɓata hotuna da jan zane, amma gyaransa ba wuya. A duba gidan batir ko ya yi tsatsa. A ɗaga ta wajen haske a danna, a ga ko labulen da ke ciki yana buɗewa yana rufewa.

Da zarar an sa fim, ba a sake buɗe bayan kyamara sai an naɗe shi ya koma cikin gwangwaninsa. Ki faɗa wa ƙannen wannan da kyau, domin su ne masu son "ganin hoton". Buɗewa ɗaya ta isa ta ƙone hotunan da aka ɗauka. Fim kuma ba ya son zafi. Kada a bar shi a mota lokacin bazara. Wanda ba a buɗe ba a sa shi a firij cikin robarsa, a fito da shi ya huce na kamar awa biyu kafin a yi amfani da shi.

Abu uku ne mai koyo zai riƙe. Na farko lambar da ke jikin kwalin fim, ISO: 100 da 200 na rana ne, 400 ya fi jure ƙarancin haske. Kodak Gold 200 ko Ultramax 400 sun isa a fara da su. Na biyu ƙofar haske, wato lambobin da ke zagaye da idon kyamara, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. A nan ake ruɗewa, domin babbar lamba ƙaramar ƙofa ce. Na uku saurin labule, 60, 125, 250, ma'ana kashi ɗaya cikin 60 ko 125 ko 250 na daƙiƙa. Masu hoto suna da tsohuwar ƙa'ida: idan rana ta take, a sa ƙofa a 16, a sa saurin labule kusa da lambar fim. Fim 200, sauri 250. A inuwa a buɗe ƙofa zuwa 5.6 ko 4.

Ga wani abu da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗaukar duk abin da ya gani kamar matsakaicin launi ne. Idan maigida ya sha farar shadda ranar Sallah, ma'aunin zai ga fari ya yi yawa, sai ya rage haske, hoto ya fito riga ta yi toka-toka, fuska kuma ta ɓace. Maganinsa a ƙara buɗe ƙofa da mataki ɗaya, misali daga 11 zuwa 8. Fim mai launi yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa. Kuma kada yaro ya ce fatarmu ce ba ta ɗaukuwa. Ya nemi hotunan Malick Sidibé, wanda ya yi ta yawo da kyamara da filashi a wuraren shagalin matasan Bamako a shekarun 1960, ya ga yadda fuskoki suke fitowa tas.

To, filashi. Kyamarori irin su Pentax K1000 da Canon AE-1, waɗanda duka suka fito a 1976, labulensu ba ya buɗewa gaba ɗaya idan an wuce saurin 60. Filashi kuwa ƙiftawa ɗaya yake yi. Idan aka sa sauri 250 aka kunna shi, ɓangaren da labule ya buɗe ne kawai zai samu haske, sauran hoton ya fito baƙi ƙirin. Shi ya sa za ki ga an yi wa lamba 60 wani launi daban ko alama a kusa da ita. A tsaya a nan ko ƙasa da haka.

Sai nisa. Kowane filashi yana da lambar ƙarfinsa, yawanci da ɗan jadawali a bayansa. Ana raba lambar da nisan mutum, abin da ya fito shi ne ƙofar da za a sa. Filashi mai lamba 32 da fim 100, mutum yana nisan mita 4, ƙofa 8 ke nan. Idan kan filashin yana lanƙwasuwa, a juya shi ya kalli farin silin, hasken ya sauko a hankali, babu ƙyallin goshi, babu baƙar inuwa a bango. Sai dai a ƙara buɗe ƙofa da mataki ɗaya ko biyu, tunda hasken ya yi doguwar tafiya.

Yanzu bari in sa hular aikina ta jinya. A cikin kowane filashi akwai wata 'yar ma'ajiyar wuta da ke tara kusan volt 300 daga ƙananan batura. Wannan ƙarar da kike ji tana tashi siririya bayan an kunna shi, cikarta ce. Tana iya riƙe wutar bayan an cire batir. Yaro mai son kwance kaya kada ya buɗe filashi, ko kyamarar da ke da filashi a jikinta, har da irin ta kwali da ake yarwa bayan an gama. Gyara na mai gyara ne. Kuma kada a ɗora tsohon filashi a kan sabuwar kyamarar dijital ba tare da an auna shi ba: wasu tsofaffin Vivitar 283 suna tura sama da volt 200 ta ƙafarsu, abin da zai iya lalata kyamarar zamani.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne batir. Yawancin waɗannan kyamarori suna amfani da ƙaramin batir mai kama da maɓallin riga, irin LR44. Wasu tsofaffin ma har yanzu akwai batir mai sinadarin makuri a cikinsu, wanda aka daina yi tun shekarun 1990. Mai rarrafe ba ya ganin abu mai ƙyalli ya ƙyale. Batir irin wannan idan ya maƙale a maƙoshi yana iya fara ƙona nama cikin awa biyu, haka ma idan aka cusa shi a hanci ko kunne. Idan kika yi zargin yaro ya haɗiye, asibiti kai tsaye, ko da yana wasansa lafiya. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Idan ya cika shekara ɗaya kuma yana iya haɗiya, ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk bayan minti 10 a kan hanya, kada ya wuce sau shida. Zumar tana rage ƙunar ne kawai, ba ta fitar da batir, kuma ba a ba jaririn da bai kai shekara ba.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce ko filashi yana makantar da jariri. Ba ya yi. Likitocin ido suna haska idon jarirai da fitila mai ƙarfi na tsawon lokacin da ya fi ƙiftawar filashi nesa ba kusa ba. Yana dai firgita su, don haka a ja baya kamar mita ɗaya ko biyu, ko a juya hasken silin, kuma kada a yi ta dannawa a fuskar jinjiri don kawai ana koyo.

Akwai ma wani amfani da filashi yake yi wanda nake so kowace uwa ta sani. Kin san jan idon nan da ke fitowa a hoto? Haske ne ya shiga ta tsakiyar baƙin ido, ya bugi tantanin bayan ido mai cike da jijiyoyin jini, ya dawo. A wajen yaro, ja a idanu biyu daidai wa daida alama ce mai kyau, domin hanyar haske a buɗe take. A idanunmu jan yakan yi duhu-duhu ko ya ɗan yi ruwan goro, wannan ba komai. Abin lura shi ne ido ɗaya ya fito fari ko rawaya-rawaya kamar idon kyanwa da dare, ko ɗaya ya yi ja ɗayan ya ƙi.

Farin nan yana iya zama yanar ido da aka haifi yaro da ita. Yana kuma iya zama alamar farko ta wani ciwon daji na ido da likitoci ke kira retinoblastoma, wanda yake kama kusan yaro ɗaya cikin 15,000 zuwa 20,000 da aka haifa, akasari 'yan ƙasa da shekara biyar. A ƙasashen da ake gano shi da wuri, fiye da tara cikin goma suna rayuwa. A wajenmu matsalar ita ce jinkiri. Ciwon ba ya zafi da farko, yaro yana ci yana wasa, sai a ce hasken hoto ne, ko a yi ta ɗiga magani daga kemis, ko a sa kwalli da tofi, har ido ya kumburo ya fito. A lokacin aikin ya koma na ceton rai, ido kam ya riga ya tafi.

Kada kuma hoto ɗaya ya hana ki barci. Wani lokaci idan yaro ya kalli gefe, haske yakan bugi wurin da jijiyar gani ta shiga ido, ya dawo fari alhali lafiya lau. Amma ba ke za ki yanke wannan hukunci ba, ba kuma mai hoto ba. Idan kin gani, musamman a hoto fiye da ɗaya, ko tare da harara-garke, a kai yaro wajen likitan ido cikin makon, a tafi da hoton. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, asibitocin koyarwa kuma suna da sashen ido. Idan an taɓa samun irin wannan ciwo a dangi, a gaya wa likita tun yaro yana jariri, domin wani nau'insa gado ne.

Ba sai kin jira an wanke fim ba. Wayar da ke hannunki ma za ta yi. Ki shiga saitin kyamara ki kashe abin da ke gyara jan ido idan akwai shi, ki rage hasken ɗaki, ki ja baya kamar taku biyu, yaro ya kalle ki sosai, ki ɗauki hoto uku ko huɗu da filashi, sannan ki buɗo su ki kwatanta idanun biyu. Ki kuma leƙa tsofaffin hotunan suna da na Sallah da ke cikin wayar. Idan da idonki kika taɓa hango farin a cikin idon yaro, ko da hoto bai nuna ba, wannan ma ya isa dalilin zuwa asibiti.