RANGWAMEN BANKI: A RUBUTA KAFIN A BIYA

Jama'ar zongo, musamman fatake da masu rumfa a kasuwa, muna so mu ja kunnenku a kan wata magana wadda ta shafi gidajenmu. Da yawa cikinmu sun jinginar da gida a banki don su sami jarin ciniki. In kasuwa ta juya baya, biya ya gagara, ruwa ya hau kan uwar kuɗi, wani lokaci manaja yakan kira mutum ya ce, a misali, bashinka ya kai sidi 200,000, amma kawo 120,000 kafin ƙarshen wata mu yafe maka saura. Mutum ya yi murna, ya sayar da motarsa, ya bi 'yan'uwa da roƙo, ya kai kuɗin. To, tambayar ita ce, gidan ya kuɓuta ke nan, ko kuwa banki yana da iko gobe ya dawo ya nemi saura, ya sa gidan a gwanjo?

Shari'ar da Turawan Ingila suka bar mana ba ta goyon bayan mai cin bashi a nan. A cikin 1884 majalisar ƙoli ta shari'a a Ingila ta yanke wata ƙara tsakanin wani likita, Foakes, da wata mace, Beer, wadda ke binsa fam 2,090 da sule 19. Sun yi yarjejeniya a rubuce ya biya kaɗan kaɗan, ita kuwa ba za ta ƙara nemansa ba. Ya biya duka, sa'an nan ta ce saura ruwa. Alƙalai suka ba ta gaskiya, gama a ƙa'idarsu alkawarin yafe bashi ba ya ɗaure mai shi sai an ba shi wani sabon abu a madadinsa. Har yanzu ba a soke wannan hukunci a Ingila ba, saboda haka 'ya'yanmu da ke can su lura.

A Ghana kuwa an gyara. Dokar yarjejeniya ta 1960, sashi na 8, ta ce alkawarin yafe bashi, ko yafe wani yanki nasa, ba ya ɓaci don kawai ba a ba da kome a madadinsa ba. Wannan gyara ne mai kyau, ya kuwa dace da abin da muka sani tun da daɗewa, gama Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa Ka'abu ɗan Maliku ya yafe rabin bashin da yake bin Ibn Abi Hadrad, ya kuma umarci wanda ake bi ya tashi ya biya nan take. Malamanmu na Malikiyya sun rarrabe: ragi a kan bashin da lokacinsa ya yi halal ne, amma ragi don a gaggauta biyan wanda lokacinsa bai yi ba, sun hana. Mai shakka ya tambayi malaminsa.

Amma fa dokar 1960 tana tsare alkawarin da aka tabbatar ne. Alƙali ba ya nan sa'ad da manaja ya yi maka magana a ofis. Manajoji kuwa ana yi musu canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi littafi zai duba, littafi kuma cikakken bashi zai nuna, an cire 120,000 kamar biyan kashi ɗaya kurum. Ban da wannan, sau da yawa manajan reshe ba shi da ikon yafe kuɗi mai yawa sai da yardar manyansa na babban ofis. Mu 'yan zongo mun saba da cinikin amana, goro da shanu sun yi shekaru aru aru suna tafiya a kan maganar baki. Banki ba maigidan fatake ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ba kuwa a banza ba.

Saboda haka kada a ba da ko sisi sai takarda ta fito daga banki, da hatiminsa, da sa hannun mai iko. Ta ambaci adadin, da ranar biya, ta kuma faɗi sarai cewa wannan biya ya kashe bashin gaba ɗaya, uwa da ruwa da kuɗin lauya, kuma za a saki gidan. A sa lauya ya karanta, gama galibi akan sa sharaɗi cewa in ranar ta wuce, ko da kwana ɗaya ne, rangwame ya faɗi, bashin duka ya dawo. Wanda bai tabbata zai iya cika rana ba, gara ya nemi ƙarin lokaci tun kafin ya sa hannu. In kuwa magana ta riga ta kai kotu, a kai takardar sulhun gaban alƙali ya mai da ita hukunci, don kada ƙara ta ci gaba tana tafiya a bayanka.

Kada kuma a dogara da jinkirin kotu kamar dā. Dokar jingina ta 1972 ta sa mai bin bashi ya nemi kotu ta ba da umarnin sayarwa. Amma dokar masu ba da bashi da masu karɓa ta 2020 ta ba shi hanyar sayar da abin jingina ba tare da kotu ba, in ya yi rajistar jinginar a ofishin rajista na Babban Bankin Ghana, ya kuma aiko da sanarwa ta kwana 30. Gidan zongo kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, akwai magada, da zawarawa, da 'yan haya, waɗanda watakila ba su ma san an jinginar da shi ba.

Bayan an biya, aiki bai ƙare ba tukuna. A karɓi rasit, da takardar sakin jingina, da ainihin takardun gidan da aka ajiye a banki. Sa'an nan a bi sawu har Hukumar Filaye da ofishin rajista na Babban Banki, a nemi a duba a gani da ido cewa an share sunan banki daga kan gidan.