Masu Sayen Tsiriya, A Ji Tsoron Hakki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka tsakura mini fili in yi kira ga 'yan uwana manoma da 'yan tireda game da kiwon tsiriya, wagga koriyar ƙanwar aku mai doguwar wutsiya.

Sau da yawa mutum zai ci kasuwa a Sabon Birni ko Isa ko Shinkafi, ya ga tsiriya cikin keji, ya saya wa ɗiyansa don su yi wasa. Kafin kasuwa ta zagayo ta mutu, sai a ce kwananta ne ya ƙare. Haka ne, amma da sakacinmu a ciki.

Da farko, kada mai talla ya ruɗe ka cewa za ta yi surutu kamar akun nan na Magana Jari Ce. Tsiriya takan kwaikwayi fito da 'yan kalmomi, wata ma ko ɗaya ba ta yi. Gwanin magana shi ne aku mai ruwan toka da jar wutsiya, kuma shi ba tsuntsun ƙasarmu ba ne, daga kurmin Kudu da Kamaru da Kwango ake kamo shi. Saboda ya tasam ma ƙarewa, a shekarar 2016 ƙasashen duniya suka taru a Afirka ta Kudu suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Don haka ɗan tiredan da ya ɗauki aku zai ƙetara da shi Maraɗi, ya san jarinsa yake wasa da shi.

In ka riga ka sayi tsiriya, to makon farko ka ƙyale ta ta huta. Ka rataye kejin a inuwa, sama inda kyanwa ba ta kai, amma inda za ta riƙa ganin mutanen gida. Mutum guda ya riƙa ba ta abinci safe da marece, yana yi mata magana a hankali. In ta daina firgita, ka zura mata zangarniyar gero ta ci a hannunka. Daga nan ƙwayar gyaɗa a tafin hannu, sannan ɗan kara ta hau, sannan yatsa. Wanga aiki na makonni ne, wani lokaci watanni. In ta cije ka kada ka doke ta, tsoro ne ya sa ta. Kuma a hana yara tsokanarta da tsinke ko ɗaure mata zare a ƙafa, don rana ɗaya ta azaba takan rushe sabon wata guda.

Abincinta gero ne da dawa da ɗanyar masara da gyaɗa, a haɗa mata da gwaiba ko mangwaro da ganyen zogale. Gyaɗar da ta yi funfuna guba ce gare ta. Kada a ba ta goro ko shayi ko abu mai gishiri. A sauya ruwa kullum. Hayaƙin murhu da na maganin sauro suna kashe ƙananan tsuntsaye, a nisanta ta da su.

Tsafta kuma don kanmu ce. Ƙurar busasshen kashin tsuntsu irin wannan tana iya sa wa mutum zazzaɓi da tari. A yayyafa ruwa kafin a share keji, a wanke hannu da sabulu. Kada a haɗa baƙon tsuntsu da kajin gida, mun dai ga ɓarnar da murar tsuntsaye ta yi a Nijeriya a 2006.

Sannan ina roƙon iyaye su hana yara shiga daji neman 'ya'yan tsiriya a kogon itace. Daji yanzu ba kamar da ba ne, kowa a Gobir ya san halin da muke ciki. Kuɗin tsuntsu bai kai ran yaro ba. In babu mai saye, babu mai hawa itace.

Wani zai ce ai tsiriya ɓarauniyar dawa ce, mene ne na tausayinta? To abin da take ci bai kai ɓarnar jan baki ba, kuma ranar da ka sa ta keji ta zama amana a wuyanka. Malamanmu sun karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Tsiriya in ta sami kulawa takan haura shekara 20. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, ya saya wa ɗiyansa 'yar kaza, ko ba komai za su ci ƙwai.

Allah Ya ba mu ikon sauke hakki, Ya kawo mana zaman lafiya. Wassalam.

Naku,
Manomi kuma mai tebur,
Kurawa, Ƙaramar Hukumar Sabon Birni,
Jihar Sakkwato.