Waiwaye: Kunnen Bakanike da Kukan Babur Mai Farfela

Waɗanda suka yi wayo a Katsina a tsakiyar shekarun 1970 ba za su manta da kuɗin Udoji ba. A 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi haɗe da ariyas, kafin ka ce kwabo malaman makaranta da akawuna da malaman asibiti sun jingine kekuna sun hau babura. Vespa da Honda Benly da Yamaha da Suzuki suka cika hanya daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Ƙaura. Inda babur ya yawaita kuwa dole bakanike ya yawaita, sai rumfunan gyara suka tsiro a bakin ƙofofin gari da gindin itatuwan bedi.

In ka cire Vespa, kusan duk waɗannan babura sarƙa ke jan tayarsu ta baya. Ciwon sarƙa a fili yake: in ta saki ka gani, in ta bushe ka gani, in haƙoran sifoket sun cinye ko yaro ya nuna maka da yatsa. Amma akwai wasu 'yan tsirarun manyan babura da ba su da sarƙa ko kaɗan. Su ne BMW irin na 'yan sandan rakiya masu share hanya gaban ayarin manya, waɗanda aka fi gani bayan Katsina ta zama babban birnin jiha ranar 23 ga Satumba, 1987, sai kuma wasu baburan Japan 'yan gwanjo da suka riƙa shigowa jefi-jefi. A madadin sarƙa, farfela gare su irin ta mota, sandar ƙarfe da ke juyawa cikin bututu tana kai ƙarfin inji ga taya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1905 kamfanin FN na Beljiyam ya fitar da babur mai silinda huɗu da farfela. A 1923 BMW na Jamus ya ƙera baburinsa na farko, R32, wanda injiniya Max Friz ya zana, shi ma da farfela, kuma har yau manyan baburan kamfanin masu injin nan mai kai biyu a kwance ba su bar ta ba. Japanawa sun biyo baya: Honda Gold Wing a 1975, Yamaha XS750 a 1976, Honda CX500 a 1978, Suzuki GS850G a 1979. Amfaninta ga ƙasa irin tamu a bayyane yake. Yashi da ƙurar hunturu su ke cinye sarƙa da sifoket, farfela kuwa a rufe take, babu ɗauri duk mako, babu ɗiga baƙin mai duk safiya. Sai dai rufin da ya kare ta daga ƙura shi ya ɓoye ciwonta daga ido.

Ga hanyar da ƙarfi ke bi. Daga inji ya ratsa kuloci ya shiga akwatin giya. Daga nan ya faɗa kuros, gaɓar nan mai hannu huɗu da ke ba farfela damar bin taya idan ta yi sama ko ƙasa a gargada. Ƙarshen farfela na da tsage-tsagen haƙora masu shiga cikin 'yan'uwansu. Can jikin tayar baya akwai ƙaramin akwati mai giya biyu, ƙarama da babba, masu karkatattun haƙora, su ke karya kwanar ƙarfin su juya taya. Kowane mataki na da boris ɗinsa, kuma ƙarfe na ɗaukar sauti ya kai shi nesa. Shi ya sa ƙarar da aka haifa a tayar baya sai mahayi ya rantse daga ƙarƙashin tanki take fitowa.

Ina ɗan makaranta nakan zauna a rumfar wani dattijon bakanike a wajen Ƙofar Guga, wanda ya fara da gyaran Vespa, ya yi zaman garejin mota, sannan ya dawo kan babura. Wannan zagaye ne ya sa idan irin waɗannan manyan babura suka gagari wasu akan turo masa. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne ba ya ɗaukar sifana sai ya gama tambaya da saurare, kamar yadda makiyayi ke gane saniyar da ba ta da lafiya daga tarinta tun garke bai fito daga shinge ba.

Tambayarsa ta farko kullum ita ce: kukan nan inji yake bi ko gudun taya? Sai ya hau, ya kai gudun da ƙarar ke fitowa, ya damƙe kuloci, ya saki totur inji ya koma sulo, babur na ci gaba da gangarawa. In ƙarar ta sauka tare da inji, ciwon na gaba, wajen inji ko kuloci. In ta ci gaba tana raguwa a hankali tare da gudu, to daga akwatin giya ne zuwa taya. Da wannan gwaji ɗaya ya raba babur biyu, ya ajiye rabin da ba ruwansa.

Ta biyu: a giya ɗaya take ko a duka? Ya riƙe gudu ɗaya a giya ta uku, ya sake riƙe shi a ta huɗu. Ƙarar da ke zuwa a giya ɗaya tak haƙoran wannan giyar ne. Wadda ba ta damu da giyar da aka sa ba, gudu kawai ta sani, tana can baya.

Ta uku: lokacin da aka ba shi wuta take yi ko lokacin da aka saki? Fito mai tsini da ke ƙaruwa idan an murɗa totur, ko ya sauya murya idan an saki, alama ce ta giyoyin nan biyu na baya ba sa cizon juna daidai, ko boris ɗin ƙaramar ya fara ba da wuri. Bugu guda, ƙum, daidai lokacin da aka saki wuta aka sake bayarwa, rata ce ta yi yawa a haƙoran farfela ko a kuros. Yakan ja kunnen yaransa cewa ɗan wannan bugun halittar babur mai farfela ne, abin tsoro shi ne ya riƙa ƙaruwa wata bayan wata. Gurnani mai kauri da ke sauyawa idan an kwantar da babur a kwana, boris ɗin taya ne ko kuma tayar ce ta ci gefe. Yakan raba su ta hanyar sauka daga kwalta: kukan taya na sauyawa da ƙasar da ake takawa, na boris ba ya sauyawa. Karkarwar da mahayi ke ji a tafin ƙafa, ba a hannu ba, ita ce ta fi ɗaga masa hankali, domin sau da yawa kuros ne ke sallama.

Har ƙarar da ke fitowa a tsaye yana da ma'auninta. In babur na firi yana sulo ana jin ƙal-ƙal, aka damƙe kuloci ta ɗauke, daga bakin akwatin giya take, kuma a inji mai kafireta biyu sau da yawa rashin daidaiton kafiretocin ne ke girgiza giyoyin. In kuwa sai an damƙe kulocin ƙarar ke zuwa, ɗan boris ɗin da ke tura kuloci ne.

Bayan kunne sai hannu. Ya kashe inji, ya ɗora babur kan ƙafarsa ta tsakiya, ya juya tayar baya a hankali, ɗaya hannun na kan akwatin. A nan yake amfani da wani lissafi mai sauƙi: a yawancin irin waɗannan babura farfela na juyawa kusan sau 3 kafin taya ta zagaya sau 1. Saboda haka cijewa ɗaya a kowane zagaye daga ɓangaren taya take, cijewa uku ko fiye kuwa daga ɓangaren farfela. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza ya ji ko tana rawa. Ya ɗora bakin doguwar sukundireba kan akwatin, ƙotar a kunnensa, yaro na juya taya. Bai yarda a tayar da inji a sa giya taya na lilo a sama ba. Cewa yake farfelar da ba ta ɗauke da kaya hayaniyar ƙarya take yi, ga kuma haɗarin yatsa ko bakin riga.

Mataki na ƙarshe kafin buɗewa shi ne mai. Akwatin baya ba ya cin ko rabin lita, kuma man giya yake so mai kauri, irin 80W-90 mai lambar GL-5, ba baƙin man inji ba. Ya zuba tsohon a farin kwano ya kai shi rana. Laushin toka-toka a kan maganaɗisun kusar magudana cin yau da gobe ne. Ɓarɓashi mai ƙyalli da yatsa ke ji, boris ko haƙori ne ke ɓantarewa. Mai da ya koma kalar madara ya sha ruwa, abin da kan faru da damina idan an kutsa kwata ko robar da ke rufe kuros ta yage. Jan gari mai kama da tsatsa a haƙoran farfela kuwa shaida ce sun daɗe ba su ga giris ba.

Wata rana wani attajiri ya kawo babur yana ruri kamar zai tarwatse, an riga an gaya masa a wani wuri cewa akwatin giya ya tafi. Dattijon ya zaga da shi ta hanyar Jibiya ya dawo, ya ce: “Alhaji, giyarka lafiya lau take. Boris ɗin taya ne, kafin la'asar ka zo ka ɗauka.” Ba a jima ba wani saurayi ya zo canjin fulogi kawai, dattijon ya tura babur ɗin zuwa inuwa ya ji wani ɗan ƙwas-ƙwas da mai shi bai ma kula da shi ba. Ya ce: “Ɗana, yau a ƙasa za ka koma gida.” Saurayin ya ce: “Haba Baba, ai ya daɗe yana yin haka.” Da aka zare farfelar, hannu ɗaya na kuros ya bushe ƙayau, 'yan sandunan boris ɗinsa sun zama gari. Kuros in ya karye ana gudu yana iya kulle tayar baya nan take. Darasin da ke cikin waɗannan biyu shi ne girman ƙara ba shi ne girman ciwo ba. Mai ruri ya warke da kuɗi kaɗan, mai raɗa ya kusa ɗaukar rai.

Yau akasarin baburan Katsina Bajaj Boxer ne da Jincheng da danginsu masu sarƙa, kuma zamanin da kayan gyara suka yi araha ya haifar da wata ɗabi'a: a canza wannan, in bai daina ba a canza wancan, har a dace. Yaro ya shekara biyu a rumfa ya iya kwancewa da ɗaurawa, amma ba a taɓa zaunar da shi an ce rufe ido ka faɗa mini daga ina kukan nan yake ba. Wannan araha ta wuce. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, naira kuma ta faɗi, duk ƙarfen da aka canza a kan zato abincin gidan wani ne aka zubar.

Kada kuma a ɗauka ilimin farfela ya tafi tare da waɗancan tsofaffin babura. Ya dawo ta wata ƙofa, kuma da yawan da bai taɓa yi ba. Keke Napep, wanda ya samo sunansa daga shirin yaƙi da talauci da gwamnatin tarayya ta kafa a 2001, ba sarƙa ke jan sa ba. Bajaj RE, wanda asalinsa ke komawa ga Ape da kamfanin Piaggio mai Vespa ya fitar a 1948, gajerun sanduna biyu ke kai ƙarfi ga tayoyinsa na baya. Masu ƙafa uku na ɗaukar kaya, da ke jigilar siminti da hatsi da ruwan leda daga Babbar Kasuwa zuwa unguwanni, doguwar farfela gare su da kuros da akwatin giya a aksil ɗin baya. Ana ɗora musu fiye da ƙarfinsu, ga ƙura, ga ramuka. Tambayoyin dattijon nan na Ƙofar Guga duk suna aiki a kansu, da ƙari ɗaya: ƙarar da ke fitowa sai an karya kwana tana nuni ga gaɓoɓin sandunan baya ko giyoyin da ke raba gudu tsakanin tayoyin biyu. Bambancin kawai, babur mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka, keke kuwa mata da 'yan makaranta yake cika da su.

Idan hatsari ya auku mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma babu mai ja da ƙaddara. Amma ƙarfe ba ya karyewa ba sanarwa, yakan yi makonni yana faɗa kafin ya yanke. Kira na ga iyayen gidan rumfunan gyara, da ƙungiyoyin kanikawa, da masu koyar da sana'a a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da cibiyoyin horar da matasa: a mayar da saurare darasi mai zaman kansa, a ajiye lalataccen boris da busasshen kuros a ba yara su ji da kunne su taɓa da hannu, a kuma nemi dattawan sana'ar da suka rage tun suna da ƙarfin nunawa. Kai kuma mai babur ko mai keke, duk ranar da ka ji baƙon sauti, ka lura da gudun da yake fitowa, da giyar da kake ciki, da ko wuta ka bayar ko saki ka yi, ka kai wa bakanike wannan bayani tun a ranar. Kada ka bari a kwance maka ko noti ɗaya sai an gaya maka inda ciwon yake da dalilin da ya sa aka ce nan ne.