Allurar farko kafin a kama hanyar Azare



Yawancinmu mazauna birni mun san irin wayar nan da ke shigowa tsakar dare daga gida. Matar ƙane ta haihu jini ya ƙi tsayawa, ko yaro yana ta jijjiga tun bayan isha'i. Amsarmu kusan ɗaya ce: "A nemi mota a kai asibiti, ga kuɗin mai nan na turo." Ga mutumin ƙauyukan Giade, wannan na nufin a fito da mara lafiya bakin titi, a kai shi babban asibitin Giade, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce Asibitin Tarayya na Azare. Shawarar daidai ce, amma da saura. Akwai tambayar da ya kamata ta biyo baya kafin a kashe wayar: me aka ba shi kafin a tashi?

A ƙasashen da aikin agajin gaggawa ya zauna da gindinsa, motar asibiti kan zo da ma'aikaci da jakar magani, a fara jinya tun a ƙofar gida. Mu ma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin NEMSAS a 2022, da alƙawarin ɗaukar mara lafiya da kula da shi kyauta na awa 48 na farko, kuma ana ta faɗaɗa shi zuwa jihohi. Kafin ya game ko'ina, ma'aikacin agajin gaggawa a karkara shi ne jami'in lafiya ko ungozomar da ke ƙaramin asibitin mazaɓa, wanda sau da yawa ake wucewa ta gabansa a guje. Magungunan da ke riƙe rai a hanya ba su da yawa, galibinsu ba su da tsada, kuma an tsara su ne don a ba da kashin farko a irin wannan wuri.

Mu fara da zubar jini bayan haihuwa, don shi ne ba ya jira. Mace lafiyayya na iya rasuwa cikin awa 2 idan ba a tare shi ba. Maganin farko shi ne allurar oksitosin, wadda ke sa mahaifa ta tsuke ta matse jijiyoyin da ke zuba. Matsalarta ɗaya, tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta sha zafin watan Afrilu a kan kanta ƙarfinta ya ragu, ko da kwalbar na nan fes kamar sabuwa. Shi ya sa ƙwayar misofurostol, wadda ma'aikata ke kira miso, ta samu karɓuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato tun zamanin shirin TSHIP: ba ta buƙatar firji, ba ta buƙatar sirinji. Ƙwaya 3 ake sha don rigakafi da zarar jariri ya fito, bayan an tabbatar babu na biyu a ciki. Idan jinin ya riga ya ɓalle, ma'aikaci kan sa ƙwaya 4 a ƙarƙashin harshe. Takan kawo rawar ɗari da zazzaɓi, kuma sukan wuce.

A nan sai na ja kunne. Miso da oksitosin ba magungunan "taimakon naƙuda" ba ne da za a sayo a kemis. Duk wanda ya ba mace ɗaya daga cikinsu a gida alhali jariri na ciki, yana iya fasa mata mahaifa.

Akwai na uku da jama'a ba su san shi sosai ba, allurar tiranezamik, mai hana gudan jinin da ya toshe rauni narkewa. An gwada ta a kan mata kimanin 20,000 a ƙasashe 21, har da asibitocin Najeriya, aka fitar da sakamakon a 2017. Mutuwa ta dalilin zubar jini ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda aka yi wa cikin awa 3 da haihuwa. Bayan awa 3 amfaninta ya wuce, kuma duk jinkirin minti 15 yana zaftare kusan kashi 10 cikin 100 na amfanin. Ku lissafa: neman mota, cacar baki kan kuɗi, sallama da dangi, hanya, sannan layin kati. Idan aka ce sai Azare za a yi ta, sau da yawa lokaci ya ƙure. Giram 1 ne ta jijiya, a hankali cikin minti 10, kuma ba ta son firji. A ganina duk asibitin da ke karɓar haihuwa bai da uzurin rasa ta. Ita ce kuma ake yi wa wanda ya yi haɗarin mota yana zubar da jini, da wannan sharaɗi na awa 3.

Sai jijjigar masu ciki, wadda hawan jini ke kawowa. Kafin ta zo takan yi sallama: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a ƙarƙashin ƙirji, kumburin fuska da hannu. Maganinta magniziyam salfet. Kashin farko giram 14 ne, 4 ta jijiya a hankali, sai 5 a kowane ɗuwawu, kuma yana riƙe mace awa 4 kafin na gaba. Awa 4 ta isa a kai ta Azare har a kwantar da ita. Lokacin da jihar Kano ta shigar da wannan magani manyan asibitocinta 10 a 2008, mutuwar masu wannan ciwo ta sauko daga kusan 21 cikin 100 zuwa ƙasa da 3. Gishiri ne mai arha, ba wani sabon abu ba. A mota a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a zaunar da ita tsakanin mutum biyu kai na lilo.

Yaro mai zazzaɓin cizon sauro da ya kai ga kasa shan nono, amai ba tsayawa, jijjiga ko suma, ya wuce maganin sha. Abin da ya fi shi ne allurar atesunet kafin a tashi. Inda babu mai yin allura, akwai atesunet na matsawa ta dubura ga yara 'yan ƙasa da shekara 6, ƙwaya mai miligiram 100: ɗaya ga ƙaramin da bai wuce kilo 10 ba, biyu ga wanda ya fi haka. A riƙe ɗuwawun yaron na minti 10, in ta fito cikin rabin awa a sa wata. Sai dai wannan maganin yana da tarko. Yaro kan farfaɗo, ya buɗe ido, har ya nemi nono, sai iyaye su ce an samu sauƙi, a juya gida. Ciwon yana nan. Bayan binciken da aka yi a Adamawa da Kongo da Yuganda, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2022 cewa amfanin wannan ƙwaya ya dogara ne ga a ƙarasa da yaron asibiti, inda zai samu allura na aƙalla awa 24, sannan maganin sha na kwana 3 cur.

Jijjigar da ta wuce minti 5 tana buƙatar diyazifam, wanda ma'aikaci kan ba yaro ta dubura gwargwadon nauyinsa. Yana iya danne numfashi, don haka ba na hannun iyali ba ne. Kuma a duba sukarin jini, domin yaron da ya yini bai ci ba sukarinsa kan faɗi, faɗuwar kaɗai na iya sumar da shi. Abin da ke hannun uwa shi ne ta kwantar da shi ta gefe, ta sassauta masa tufa. Ban da cusa cokali a baki, ban da ɗura ruwa ko manja ko jiƙo, ban da hayaƙi. Abin da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu yake tafiya.

Adirenalin kuwa maganar taƙaitacciya ce. Idan aka yi wa mutum allura, ko zuma ta harbe shi, sai leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, jiki ya saki, rabin mililita a tsokar cinya ga babba shi ne ceto, a maimaita bayan minti 5 in babu sauyi. Haidirokotizon da piriton ba sa maye gurbinta. Wurin da ake yi wa mutane allura alhali babu adirenalin a kusa, ni dai ba zan miƙa hannuna ba.

To, maigida ko uwargida, idan wayar ta shigo, ga abin faɗa. A tsaya a asibiti mafi kusa a nemi kashin farko, tsayawar minti 15 ce, ba kwana ba. Idan babu ma'aikaci ko babu maganin, kada a zauna jira, a wuce. Idan an ba da, a karɓi takarda mai ɗauke da sunan magani, yawansa da ƙarfe nawa aka yi. Lokacin nan shi ne mutane suka fi mantawa, alhali likitan Azare ba zai iya sanin yaushe zai ƙara magniziyam ba sai da shi, kuma ninka shi da wuri na iya tsayar da numfashi. Ko a bayan kwalin maganin ne a rubuta. A faɗa wa likita duk abin da aka sha a gida, na kemis da na gargajiya, ba tare da ɓoyo ba.

Mai ciki kuwa, tun a awon wata na bakwai a tambayi ungozoma ko suna da miso da magniziyam, a ajiye lambar direba biyu, ba ɗaya ba. Idan jini ne ya sa aka taso, a cika motar da maza biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini, 'yan rakiya su biyo da safe.