Kada Mu Sayar da Gizagon Kaka a Kan Sikeli



Da muka zaga ƙungiyoyinmu a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, mun ga abin da bai yi mana daɗi ba. Masu sayen tsohon ƙarfe suna bi gida-gida da sikeli, yara kuwa suna kwaso musu gizago da gatarin kakanni, wai don ƙota ta karye, ko tsatsa ta kama. To, ran da karkiyar shanu ta tsage ana tsakar huɗa, da me za a sassaƙa wata?

Tsatsar nan a bisa take. A goge ta da yashi da ɗan mai, ƙarfe zai fito. Ƙota kuwa a yi ta da marke ko aduwa, amma busasshe, gama ɗanyen itace yakan motse, ƙarfe ya kwance. Ku tuna da gatarin aro da ya faɗa ruwa a zamanin Elisha, cikin 2 Sarakuna sura 6.

Waɗansu dattawa sun ce mana kayan gado ba a sāke musu kama. Mun girmama su, amma ba mu yarda ba. Gizago mai miƙaƙƙen baki yakan bar kaifi a gurbin da wuyan sa ke zama, shi ke kawo gyambon da ke kwantar da sa a tsakiyar damina. In akwai gizago biyu a gida, a kai ɗaya maƙera, a lanƙwasa bakinsa kamar cokali, maƙeri ya sāke tsoma shi a ruwa ya yi tauri. Da shi za a fafe gurbin ya yi sumul, da shi kuma za a rarake turmi.

Abin da muke hanawa shi ne injin wasa wuƙa na kasuwa. Yana da sauri, amma yana ƙona ƙarfe. In baki ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi ke nan. Dutse da ruwa sun isa.

Shawararmu ita ce, kafin ruwan fari kowace ƙungiya ta tara tsofaffin kayan nan, a gyara su da kuɗin asusu, magatakarda ya rubuta sunan duk wanda ya ara da ranar da zai mayar.